TUBALI, AZARA DA LASO: TARIHIN GININ ƘASA A ƘASAR HAUSA DA DARASINSA GA 'YA'YANMU MASU KOYON ZANEN GINI



Kwanakin baya 'yar wani maƙwabcina da ke karatun zanen gine-gine a nan Kudu ta shigo gaishe mu, riƙe da aikin da aka ba su a aji. An ce su rubuto kayan gini waɗanda ba sa cutar da muhalli, da dabarun gini masu ɗorewa. Na karɓi takardun na duba, sai na ga misalanta duk daga Jamus ne da Japan da Amurka. Na ce mata, "'Yata, ina tubali? Ina azara da makuba?" Ta yi dariya ta ce, "Baba, ai wannan ginin ƙauye ne, wa zai ba ni maki a kansa?"

Ban ga laifinta ba. A nan aka haife ta, zuwanta gida bai fi a ƙirga da yatsu ba. Mu iyaye ne muka yi sakaci, muka bar yaranmu suna ganin ginin kakanninsu a matsayin alamar talauci. Shi ya sa na ga ya dace in ɗan waiwayi tarihin wannan sana'a: inda ta faro, yadda ta kai ƙololuwa, abin da ya durƙusar da ita, da abin da ɗalibanmu na Legas da Ibadan da Akure da Fatakwal za su iya tsinta a cikinta.

DAGA GANUWA ZUWA HASUMIYA

Ginin ƙasa a ƙasar Hausa ya daɗe ƙwarai. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya soma ganuwar birnin, sarakunan da suka biyo baya suka yi ta faɗaɗa ta. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya ƙara mata faɗi, ya kuma gina fadar da har gobe ake kira Gidan Rumfa. Lokacin da sojojin Ingila suka iso Kano a 1903, ganuwar ƙasa suka tarar a gabansu, har Lugga da kansa ya yaba girmanta.

A Katsina akwai hasumiyar Gobarau, wadda ta shafe ɗaruruwan shekaru a tsaye. A Agadas ta Jamhuriyar Nijar akwai babban masallacin da aka gina a 1515, aka sabunta shi a 1844. Hasumiyarsa ta kai mita 27, kuma duk da ƙasa aka yi ta. Itatuwan da ke fitowa daga jikinta suna da aiki: su ne matakalar da magina ke takawa idan lokacin yaɓe ya yi. Wato tun ranar da aka gina ta an yi tanadin yadda za a riƙa gyara ta. A 2013 hukumar UNESCO ta saka tsohon birnin Agadas cikin jerin kayan tarihi na duniya.

YADDA AKE YIN SA

Duk aikin yana farawa ne daga rami. Magina su haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a tattake ta da ƙafa, a cakuɗa da ciyawa, wani lokaci da kashin doki, a bar ta ta tsima na wasu kwanaki. Daga nan sai a cura ta da hannu, gindi da faɗi, kai da ɗan tsini, a shanya a rana. Wannan shi ne tubali. Ba a gasa shi, rana ce kawai ke busar da shi, shi ya sa lokacin rani ne lokacin gini. Ana jera shi gindi a ƙasa, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake tashi, domin nauyin ya zauna daidai.

Wannan kaurin shi ne sirrin sanyin soro. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa shi ya shigo ɗaki gari ya yi sanyi. Da dare kuma, musamman lokacin hunturu, sai ya riƙa sakin ɗumin da ya tara. Duk wanda ya taɓa shan inuwar tsohon zaure a watan Afrilu ya san abin da nake faɗi.

Wajen rufi, dogaron magina azara ce, wato gangar giginya da aka tsaga. Tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cika cin ta ba. Amma tana da iyaka: idan aka ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta iya haye sarari fiye da kamar mita 2 ba tare da ta lanƙwashe ba. To yaya za a rufe babban zaure ko masallaci da itacen da ba shi da tsawon? A nan basirar maginan Hausa ta fito. Sai su kafa azara a jikin bango daga ɓangarori biyu, su riƙa ɗora wata a kan wata, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta tana karkata ciki, ana ɗaure su da igiya ana yaɓe da ƙasa, har hannuwan biyu su haɗu a tsakiya. Wannan shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki sai a sami ɗaurin guga, a kansa kuma a tayar da tulluwa. Abin da injiniyan yau ke yi da rodi da kankare, su da azara da ƙasa suka yi shi.

SHARAR WANI, JARIN WANI

Babban abokin gabar ginin ƙasa shi ne ruwa. Yadda magabata suka yaƙe shi, a ganina, shi ne darasi mafi tsada ga ɗalibin yau.

Mu ɗauki laso, wanda ake shafe saman soro da shi. Abu uku ake haɗawa. Na farko katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin karofi bayan an gama rini da baba. Marina su kwaso shi, a busar, a ƙona, a dake. Na biyu gashin jima, wanda majema ke kankarewa daga fatar akuya, shi ke riƙe yaɓen kada ya tsattsage. Na uku dafara, wani tsiro mai yauƙi da ke ɗinke haɗin. A lura da kyau: biyu daga cikin ukun nan shara ce ta wasu sana'o'i. Abin da marini da majemi za su zubar, shi magini ke nema.

Haka makuba. Bishiyar ɗorawa tana ba mu garin ɗorawa, tana ba mu kalwar da ake daddawa, ɓawon da ya rage kuma shi ake jiƙawa a sami ruwan makuba, a haɗa da ƙasa a yi yaɓe ko daɓe. Daɓen da mata ke yi da makuba yakan yi ƙarfi da sheƙi, ya shekara da shekaru. Bagaruwar da majema ke jima da ita, da ita kuma ake ƙarfafa cafe. Sai indararo, wanda ke jefa ruwan sama nesa da gindin bango, da zankwaye a kan kusurwoyi.

Idan gida ya tsufa ya faɗi, ba a neman motar kwashe ɓaraguzai. Ƙasar a sake jiƙa ta a kwaɓa, azarar a zare ta a kai wani ɗaki. Abin da littattafan zamani ke koya wa yaranmu a matsayin sabon ilimi, cewa kada a bar komai ya tafi a banza, a biranenmu sana'a ce da ake ci da ita tun da daɗewa.

ZAMANIN BABBAN GWANI

Sana'ar ta kai ƙololuwa a ƙarni na 19. Baturen nan matafiyi Kilafaton, da ya je Sakkwato a 1824, ya rubuta cewa ya ga ana gina wani masallaci, kuma shugaban maginan mutumin Zazzau ne wanda mahaifinsa ya taɓa zuwa Masar. Wannan ya nuna maginanmu ba a rufe suke ba, suna gani suna ɗauka, suna kuma sarrafa abin da suka gani da kayan ƙasarsu.

Wanda sunansa ya fi fice shi ne Malam Mika'ilu, da ake kira Muhammadu Durugu, aka fi saninsa da Babban Gwani. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Masana suna ɗaukar bakunan wannan masallaci da ginshiƙansa da zanen da ke jikinsu a matsayin mafi ƙwarewar abin da ginin Hausa ya samar. Ana kuma danganta masa gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙasar Bauchi. Har yau akwai unguwa mai sunansa a birnin Zariya.

A wancan zamani gini sana'a ce mai tsari. Akwai Sarkin Magina, akwai gwanaye, akwai yara masu koyo. Yaro yakan fara da miƙa tubali da ɗibar ruwa, ya shekara da yawa kafin a yarda ya ɗaure baka. Ilimin a hannu yake da ido, ba a takarda ba. Nan ƙarfinsa yake, nan kuma rauninsa: idan gwani ya rasu bai koyar ba, ya tafi da abinsa.

YADDA SIMINTI YA KARƁE FAGE

Abin mamaki, da Turawa suka zo ba su raina ginin ƙasa nan take ba. Gidan Ɗan Hausa da ke Kano, inda Hanns Vischer ya zauna, ginin ƙasa ne. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ita ma da ƙasa aka gina ta. Amma da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai kwano da siminti suka soma shigowa cikin sauƙi. Ofisoshin gwamnati da kantunan kamfanoni suka koma gare su, sannu a hankali mutane suka soma auna arzikin mutum da irin rufin gidansa.

Daga baya aka soma yin siminti a gida. Masana'antar Nkalagu ta fara aiki a 1957, ta Ewekoro ta biyo baya a 1960, ta Sakkwato kuma a 1967. Da kuɗin man fetur suka kwararo a shekarun 1970, sai abin ya zama kamar hauka. Dattawanmu na Legas za su tuna 1975, lokacin da hukumomin gwamnati suka yi odar siminti kusan tan miliyan 20, adadin da ya ninka abin da tashar jiragen ruwa za ta iya saukewa sau da yawa. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin Apapa wata da watanni, ana biyan kuɗin jira, wani simintin ma ya daskare a cikin jirgi. A irin wannan yanayi ne aka kewaye tsohon masallacin Zariya da sabon ginin kankare, aka bar wani sashensa a ciki.

Daga nan ginin ƙasa ya zama abin kunya. Mu 'yan ci-rani ma muna da hannu a ciki. Da mutum ya sami ɗan abin hannu a Kudu, abin da zai fara aikawa gida shi ne a rushe soron mahaifinsa a ɗora bulo da kwano. Ni kaina na yi. Shekarar da na je hutu da bazara, aka ɗauke wuta, ɗakin bulon ya zama kamar tanda, ƙarshe tabarma na ɗauka na koma tsohon zauren da ya tsira daga rusau. Ranar na gane ashe kuɗi na biya na sayo zafi.

Akwai kuma asarar da ido ba ya gani. Kafin a sami siminti sai an gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma dutsen kansa yana fitar da iskar kabon yayin gashin, ban da ta makamashin da aka ƙona. Masana sun ƙiyasta cewa sana'ar siminti kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke sakewa a duniya. Mu da hamada ke cin gonakin iyayenmu, wannan lissafi ya shafe mu kai tsaye.

WAƊANDA SUKA RIƘE IGIYAR

Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba. Wani masani ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya kwashe shekaru yana auna tsofaffin gine-ginen Najeriya yana zana su. Aikinsa ne ya haifar da gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka gina kwafin masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano. An buga littattafansa juzu'i uku a 1990, bayan rasuwarsa.

A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wani magini mai suna Falke Barmu ya soma ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, mutanen gari suna taya shi, aka yi ta ƙara masa baka da tulluwa da hasumiyoyi. A 1986 masallacin ya ci lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan zanen gini a duniya. A Dandaji, ita ma a Nijar, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018.

A Burkina Faso, Francis Kere ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da bango domin iska ta ratsa, ya kuma faɗaɗa shi ya kare bangon daga ruwa. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker. Mu da ke Kudu kuma ba sai mun yi nisa ba. Demas Nwoko, wanda ya yi karatu a Zariya, ya yi gine-gine a Ibadan da jar ƙasa haɗe da ɗan siminti, kuma a 2023 aka karrama shi da babbar lambar yabo a bikin baje kolin zanen gini na birnin Benis a Italiya. Waɗannan duk duniya ta yaba musu ne a kan abin da muke rushewa.

GASKIYA ƊAYA CE

Kada wani ya ɗauka ina cewa ginin ƙasa ba shi da aibu. Yana da shi. Yana son yaɓe a kai a kai, kuma gayyar da ake yi da ita a da ta yi ƙaranci, yanzu komai sai an biya. Duk shekarar da damina ta yi ƙarfi muna jin labarin gidajen ƙasa da suka rufta. A watan Agusta na 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. Tsohon gini, kowane iri ne, amana ne da ke buƙatar ido da kulawa.

Kududdufan da ake bari bayan haƙar ƙasa suna tara sauro. Giginya kuma tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ga shi ana sarewa ba a dasawa. Sannan ruwan Legas ko Fatakwal ba irin na Katsina ba ne, wanda ya ɗauko soro mai shimfiɗaɗɗen rufi ya kafa a Agege ya nemi wa kansa rigima. Don haka maganar ba ta komawa jiya ba ce. Magana ce ta ɗaukar hikimar jiya a gyara rauninta da ilimin yau: harsashi na dutse ko kankare da zai ɗaga bango daga danshi, rufi mai faɗin baki, da bulon ƙasa da aka matse da inji aka ɗan sa masa siminti kaɗan. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana ƙera irin waɗannan injuna.

KIRA GA ƊALIBANMU DA IYAYENSU

'Ya'yanmu masu karatun zanen gini, da zanen cikin gida, da injiniyanci, ga shawarata. Idan kun je gida hutu, ku nemi tsohon magini ku zauna da shi. Ku tambaye shi yadda yake gane ƙasa mai kyau, da yadda ake ɗaure baka, da ma'aunin haɗin laso. Ku ɗauki hoto, ku auna, ku rubuta. Ku sami ma'aunin zafi ku ajiye ɗaya a soro ɗaya a ɗakin bulo na mako guda, ku kawo wa malamanku sakamakon. Aikin kammala karatu ne sukutum, kuma babu wanda zai ce kun kwafo shi daga intanet. Wanda ya sami hali ya je Jos da Gidan Makama a Kano ya gani da idonsa.

A kan kowane kayan da za ku zaɓa, ku yi tambayoyin da magabata suka amsa a aikace. Daga ina ya fito, kuma nisan nawa ya yi kafin ya iso? Wane makamashi aka ƙona wajen yin sa? Idan ya lalace, mutanen unguwa za su iya gyara shi? Idan ginin ya ƙare, ina zai tafi? Waɗannan tambayoyi suna aiki a kan bango, suna aiki a kan kujera da yadi da fata.

Mu kuma iyaye, kafin mu aika kuɗin rusau, mu tsaya mu yi tunani. Ko zaure ɗaya ne a bar shi, a gyara shi, a biya maginin haƙƙinsa yadda zai yi sha'awar koya wa ɗansa. Wanda ke da gona a gida ya dasa giginya da ɗorawa, ko ba zai ci moriyarsu ba jikokinsa za su ci.

Ita kuwa 'yar maƙwabcin nawa, ta dawo bayan mako biyu ta ce ta sake aikin, ta sa laso da bakan gizo a gaba. Ta ce abin da ya fi ba ta wahala shi ne samun wanda zai faɗa mata yawan katsin da ake zubawa a kan gashin jima. Ni ma ban iya ba ta amsa ba. Idan a cikinmu akwai ɗan gidan magina, ko wanda ya san dattijon da ya taɓa haɗa laso da hannunsa, don Allah ya taimaka mata, tun masu ilimin suna raye.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba ɗalibanmu sa'a.